Ƙullin Gamba a Bakin Tafkin Kanya

Tun da na ajiye aikin gwamnati na dawo Jega da zama, ba ni da wata hidima da hantsi sai in shimfiɗa buzuna a ƙofar gida in saurari gari. A ranin da ya wuce wasu samari suka wuce ta gabana a kan babura, sun rungumo karnuka, ga adduna ga gorori, suka nufi hanyar Maiyama da sunan farauta. Ba a yi la'asar ba sai ga su an dawo da ɗayansu, an naɗe masa kai da tsumma, jini ya jiƙa masa riga. Na tambayi maƙwabcina abin da ya faru, ya ce sun haɗu ne da wata ƙungiya daga wajen Aliero a gindin suri guda, kowane ɓangare ya ce shi ya riga zuwa, kuma abin da ke tsakaninsu bai wuce zomo ba. Tun daga ranar zuciyata take komawa Katanga, garin da aka haife ni, da wani tafki da ke cikin dajinmu, da wasu tsofaffi biyu da suka taɓa haɗuwa a bakinsa.

A zamanin da na tashi, in ka fita bayan gonakin Katanga ka miƙe, daji ne har ka gaji da tafiya. Sabara da geza da kalgo, ga kanya da ɗorawa jefi-jefi, ga gamba a fadamu ta fi mutum tsawo. Da asuba kukan fakara ke tashe mu kafin ladan ya gama gyaran murya, zabin daji kuma suna saukowa har gefen masussuka suna kiwo kamar na gida. Ina iya tuna ƙarar taɓaren Inna a tsakar gida tana haɗuwa da ƙarar dutsen da Baffa yake wasa bakin kibiya a kansa a zaure. Baffa yayan mahaifina ne, kuma shi da matarsa Inna suka riƙe ni. Manomi ne da damina kamar kowa, amma da an gama kai gero rumbu sai ya sauko da bakansa daga bango, ya shafe shi da man shanu, ya canza tsarkiya, ya zauna yana miƙe kyauro a kan garwashi ɗaya bayan ɗaya. Aikina a lokacin shi ne hura wutar da miƙa masa jijiya ta ɗaure kan kibiya. Tukunyar dafi kuwa ba a yarda ko inuwata ta faɗa kanta ba sai da na yi gemu.

Wannan daji ba na kowa ba ne. Mutumin Katanga na shiga, na Jiga Birni na shiga, na Maiyama na shiga, Fulani na ratsawa da shanunsu, mata na zuwa itace. Babu shinge, babu mai gadi, amma ban taɓa jin an zare wa wani wuƙa a kan wurin farauta ba, domin akwai ladabin da kowane maharbi ya sha tare da nono. In ka ga wurin da nama ke sauka kana son ka yi kwanto a nan, sai ka kama kan gamba ka ƙulle, ka tsinko ɗanyen ganyen kalgo ka soke a cikin ƙullin. Muddin ganyen nan bai yi yaushi ba, wurin naka ne. Da ya bushe, ya koma na Allah da duk wanda ya riga zuwa. Saboda haka mai son wuri da ƙafarsa yake riƙe shi, kullum sai ya tako ya sabunta ganye. Wanda ya iske ƙullin wani ba ya tsayawa, ba ya ɗaga murya da sallama, sai ya ɗaga bakansa sama alamar gaisuwa, ya zagaya ta inda iska ba za ta kai warinsa ga nama ba. Iyakar abin da mai wuri zai iya yi maka na alheri shi ne ya ce ka zo ka sha inuwa. In ka amsa ka zauna, ba ka jan tsarkiya sai ya saki tasa kibiyar. Nama kuma na wanda ya fara fitar da jini ne, ko da wani ya bi ya ƙarasa. Wanda ya ƙarasa karfata guda, wato ƙafar gaba, ake yankar masa. Babu wanda ya zaunar da mu ya karanta mana waɗannan abubuwa. Mun ga manya na yi, mun ga kuma irin kallon da ake yi wa wanda ya saɓa, kallon da ke bin mutum har masallaci.

Abin da nake son ba da labarinsa ya faru ne bayan na gama kwalejin horon malamai, na fara koyarwa, na zo gida hutu da nawa bakan a kafaɗa da kuma ganin cewa na zama mutum. Na iske Baffa ba yadda na bar shi ba. Yanar ido ta fara rufe masa gani. A gida ba ya bari a gane, don ya san inda kowace randa take, amma a daji ya daina bin sawu, kuma duk ranin nan bai shigo da ko zomo ba. A garinmu kuwa, kafin ruwan farko akan yi farautar gayya, Sarkin Baka ya raba mutane biyu: masu tare, waɗanda ke tsayawa a jere da baka, da masu kora, wato yara da karnuka da duk wanda bai zub da jini ba a ranin. Tun ban san kaina ba Baffa ke tsayawa a kan sahun masu tare. Yanzu ga gayya ta matso, har an fara raɗa a majalisa cewa bana tsohon zai bi yara da gwangwani yana kaɗa wa zomaye. Sarkin Baka abokinsa ne, amma ba shi da ikon sauya ƙa'ida saboda abota. Baffa bai taɓa yi mini maganar ba. Na dai lura ya rage cin tuwo, kuma ya daina zama a dandali bayan sallar magariba.

Dabara guda ta rage masa. Can cikin daji akwai wani tafki a gindin wata babbar kanya, shi kaɗai ke riƙe ruwa in rani ya yi nisa. Wani mazo, irin jan nan mai farin zane a gadon baya, ya saba saukowa sha da yamma. Mai raunin ido ba zai iya bin nama ba, amma zai iya zama a bayan geza ya jira nama ya zo masa kusa. Baffa ya daɗe yana riƙe da wurin, kullum da sassafe ya taka ya sa sabon ganye, yana barin dabbar ta saki jiki. Ranar da ya ce yau ce, tare muka je da safe. Ni na tsinko ganyen, shi ya ƙulla gambar, muka koma gida don kada warinmu ya zauna a wurin.

Bayan azahar muka dawo, muka tarar da bakin tafkin ya zama caɓi. Garken shanu ya sauka ya sha ruwa, ya aske gambar nan har ƙasa. Babu ƙulli, babu ganye. Gaba kaɗan, a wani tushen da shanun suka bari, ga sabon ƙulli da ganye shar a cikinsa. A bayan gezar da Baffa ya share wa kansa wurin zama kuwa, ga mutum ya miƙe ƙafa, baka a kan cinya.

Na-Maiyama ne. Haka kowa ke kiransa, don a can aka aurar da uwarsa, wadda ƙanwar kakana ce. Shi da Baffa taubasai ne, ba sa haɗuwa ba su yi wa juna tsiya ba. Duk yankin an san hannunsa. Ana cewa fakara na gudu yake ɗauke ta.

Ya dube mu ya yi murmushi, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, “Wa nika gani haka? Makahon Katanga da ɗan jagora nai? Malam, kun ɓata hanya, kasuwar Jega na can baya.”

Baffa ya ce, “Bawana, kai na? Tun daga nesa na ji warin daddawa, na ce lalle wani na Maiyama ya shigo daji.”

Baffa ya faɗi haka yana dariya, amma fuskarsa na kallon wani kututture da ke gefen gezar, ba inda mutumin yake ba. Na ga Na-Maiyama ya dubi kututturen, ya dubi Baffa, murmushin ya sauka daga fuskarsa. Tsiya ya yi da sunan makaho, bai san ta kusa zama gaskiya ba.

Na matsa na durƙusa na ce, “Baba, wurin nan namu ne. Da hannuna na tsinko ganyen da safen nan, Baffa ya ƙulla.”

Ya ce, “Malam, ban ƙaryata ka ba. Nuna man ƙullin.”

Na ce, “Shanu sun cinye.”

Ya ce, “To, sai ka bi su ruga ka amso.”

Na buɗe baki zan ƙara, Baffa ya dafa kafaɗata. “Bari, ɗana. Shanu ruwansu sunka sha, ba su yi laihi ba. Shi ko ya iske wuri ba ƙulli, ya ƙulla nashi. In an hwara karɓar shaidar baki a dajin ga, gobe kowa na da shaidu. Mu tahi.”

Ya gyara kwarinsa ya juya. Na san abin da juyawar nan take nufi. Mazo in an harbe shi ya tafi, in an kuskure shi ba zai sake saukowa ba sai bayan gayya, kuma babu wani tafkin. Na dubi bayansa, na ga ya tsaya ƙyam kamar yadda yake tsayawa a kan sahu, yana laluben hanya da ƙafa don kada a ga ya miƙa hannu.

Sai Na-Maiyama ya ce, “Kai tsoho. Rana ta yi zahi. Zo sha inuwa, kada ka hwaɗi kan hanya a ce da hannuna a ciki.”

Baffa bai waiwayo ba, ya ce, “In don tausai na, riƙe inuwarka.”

“Ni in ji tausanka? Mi ka taɓa ba ni ban da ciwon kai? So nikai ka zamna ka ga yadda maza ka harbi, ka samu labarin ba jikoki.”

Ƙin amsa kiran inuwa cin fuska ne, kuma Baffa ba ya cikin masu cin fuskar ɗan'uwa a daji. Ya dawo ya zauna a hannun hagun Na-Maiyama, ni kuma na zauna a bayansu na kwance tsarkiyata, don baƙon baƙo ba shi da harbi. Muka ja baya muka yi la'asar da taimama, don babu mai kusantar ruwan, muka dawo muka yi tsit.

Ban san ko akwai sauran wanda ya san irin wannan shiru a yau ba. Yanzu ko'ina ka zauna akwai injin ban ruwa na tari a wata gona, ko babur, ko waya na kuka a aljihun wani. A ranar nan ina jin ƙudan zuma a saman kanya, ina jin kurciyoyi na sauka bakin ruwa suna tashi, ina jin numfashin Baffa. Inuwa ta yi ta miƙewa har ta haye tafkin. Ko ganye ba ya motsi. Can sai kurciyoyin suka tashi gaba ɗaya, ga mazon ya fito daga cikin sabara, yana taku yana tsayawa, yana kaɗa kunne. Ya zo tsakaninmu da kanyar, ya sunkuyar da kai ga ruwa. Daga inda muke, ko ni da ba gwani ba da na same shi. Amma ga idon Baffa ya yi nisa. Na ga yana ƙifta ido yana neman inda jan yake.

Na-Maiyama ya ja tsarkiya a hankali har kunne, ya daɗe a haka, sa'an nan ya saki. Na ji kibiyar ta wuce, na ji ta kafe a jikin kanya, can bayan dabbar. Mazon ya zabura, kuma da yake ƙarar ta bayansa ta fito, sai ya yo kanmu. Ya taho har ya kusa taka gezar, ya karkace ya ba Baffa haƙarƙari. Ban ga lokacin da tsohon ya ja ba. Na dai ji tsarkiya ta yi ƙara, na ga kibiya a cinyar mazon yana faɗawa cikin sabara da ita.

Ni da Na-Maiyama muka bi jini. Ba mu yi nisa ba muka iske shi dafi ya fara kama shi, yana tangaɗi. Na-Maiyama ya kayar da shi, ya juya shi alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka tun da sauran ransa, ya yanke naman da ke kewaye da bakin kibiyar ya binne. Muka ɗauko shi a kan sanda muka dire a gaban Baffa. Na-Maiyama ya ce, “Ga abinka. Jinin hwarko naka na. Allah dai ya ba makaho sa'a yau.”

Baffa ya shafa wuyan dabbar ya ce, “Bawana, kai ko itace ka harba. Ya mutu? In zo in taya ka hiɗar kanya?”

“Ci gaba, ranarka ta. A miƙo man karfatata in tahi, kada dare ya yi man cikin mutanen Katanga.”

Suna wannan ni na tafi ciro masa kibiyarsa, don ba a barin kibiya mai dafi inda yaro ko makiyayi zai taɓa. Na duba gindin kanyar daidai tsayin mazo ban gan ta ba. Sai da na ɗaga kai. Tana can sama da inda hannuna ke kaiwa, sai da na taka saiwa na yi ɗage kafin na girgizo ta. Da na miƙa masa, ya dube ni ido cikin ido ya ce a hankali, “Iska ta, Malam, ita tad ɗauke ta.” Na ce, “Haka ne, Baba.”

Mun shiga Katanga ana kiran magariba, Inna ta rangaɗa guɗa, aka kai wa Sarkin Baka rabonsa, aka bi maƙwabta da nasu. Ranar gayya Baffa ya tsaya a kan sahun masu tare da tsohuwar rigarsa ta farauta. Bai saki kibiya ko ɗaya ba, kuma babu wanda ya tambaye shi dalili. Da aka dawo ya rataye bakan a bangon zaure da kansa, ya ce wa Sarkin Baka ya gama. Ni kuwa ban taɓa gaya masa inda na ciro kibiyar nan ba. Na ɗauka idonsa bai kai can ba, kuma na ga babu amfanin in ɓata wa tsoho abin da ya rage masa.

Da rani ya zagayo na sake zuwa hutu, sai Inna ta tare ni da ƙorafi. Wai Baffa kullum da sassafe sai ya ɗauki sanda ya lallaɓa tafkin kanya ya ƙulla gamba, ya koma da rana ya zauna, alhali baka na nan rataye. Samarin maharba sun kai kuka wurin Sarkin Baka cewa tsoho ya tare wuri mafi kyau ba ya harbin komai. Sarkin Baka ya ce shi a iya saninsa ƙulli da ɗanyen ganye aka ce, ba a ce sai da baka ba. Mutane suka fara cewa gigin tsufa ne. Na tambaye shi, ya ce in ina son sani in ɗauko masa buta in biyo shi.

Mun yi kwanaki muna zuwa muna dawowa haka nan. Rannan muna zaune bayan azahar sai na hango Na-Maiyama ya ɓullo. Garinsu ya fi namu nisa da tafkin, shi ma ƙafa ta fara nauyi, don haka duk ranin samari ke riga shi wuraren kirki. Ya ga ƙullin, ya ɗaga bakansa sama, ya fara zagayawa ta ƙasan iska zai wuce. Baffa ya karkata kai ya saurari takunsa, ya ce, “Bawana. Zo sha inuwa.”

Ya zo ya zauna, ya duba dama ya duba hagu, ya ce, “Tsoho, ina bakanka? Ko da sanda za ka jehe shi? Ka san ba ni ja sai ka saki.”

Baffa ya ce, “Na saki tun ɗazu. Na kuskure. Saura kai.”

Na-Maiyama ya sunkuyar da kai yana murza tsarkiya da yatsa. Baffa ya ce, “Ido ya tahi, kunne na nan. Na san ƙarar kibiya in ta kama gindin itace, na san ƙararta in ta kama sama.”

Na-Maiyama ya ce, “Iska ta.”

Baffa ya ce, “Awo. Ita tak kama ni yau.”

Haka suka yi har ƙafar Baffa ta daina kai shi. Dukansu sun daɗe da komawa ga Ubangiji, Allah ya jiƙan su. Kwanakin baya na sa aka kai ni wurin a mota. Tafkin ya zama gonar albasa, an sare gezar, gamba ko ta ƙulli babu. Kanyar ce kawai ta rage, mai gonar ya jingine injinsa a gindinta. Ya gan ni tsaye ina ɗaga kai ina duban jikinta, ya ce, “Baba, wani abu ka yar a nan?” Na ce a'a. Ya share mini saiwa da hannunsa ya ce rana ta yi zafi, in zauna in sha inuwa. Na zauna.